Ƙwalisa da Fingi

A cikin kwali Ƙwalisa ta girma, a gindin gadona. Shirwa ta ɗauke 'yan uwanta ɗaya bayan ɗaya, uwar kuma ta ci wani abu a bakin kwata ta mutu, sai ita kaɗai ta rage, ɗan abu kamar dunƙulen auduga. Ni na riƙa jiƙa mata dusa ina ba ta a murfin kwalba. Da ta yi gashi sai ta fito baƙa wuluk mai sheƙi, tana tafiya tana rangwaɗa, shi ya sa yayata ta sa mata Ƙwalisa.

Aikina ɗinkin maɓalli ne. Telan bakin titi yana aiko da riguna a buhu, in zauna a tabarma a ƙofar ɗaki ina sa maɓalli ina datse zare. Ba ni da yawan magana, in baƙo ya yi sallama ma ɗaki nake shigewa. Amma Ƙwalisa tana jin labarina kullum. Takan zo ta kwanta a kan ƙafata, ta karkata kai tana kallon allura, ni kuma ina gaya mata duk abin da ban iya gaya wa mutane ba.

Sauran kajin Inna ba sa yi da ita. Su biyar ne, kowace ta san matsayinta. Babbarsu wata fara ce mai ƙaton ƙirji, ita ke fara cin tsaba, ita ke hawa can saman katakon akurki. Mai bi mata ita ce wadda muke kira Ja, haka har ƙasa. Ƙwalisa da ta tashi a hannun mutum ba ta san wannan tsari ba. Sai ta kutsa kai cikin kwano tun babbar ba ta ƙoshi ba, a sare ta a ka, ta kwaso a guje ta shige ƙarƙashin zanena. Ba zan ɓoye ba, hakan yana mini daɗi.

Wata rana Inna ta dawo daga kasuwa da wata kaza a hammata. Gashinta duk a murɗe yake, ya juya baya kamar an tsefe kai ba a kitsa ba.

Yaya ta tuntsire da dariya. "Inna, wannan kaza ce ko tsumman goge tukunya?"

"Fingi ce," in ji Inna. "Haka Allah ya yi ta. Ke da kanki ya fi nata kyau, kwana nawa rabonki da mataji?"

Ba a sakin baƙuwar kaza cikin garke kai tsaye, sai su taru su yi mata jina-jina. Inna ta kife ta da babban kwando a tsakar gida, ta ɗora dutse a kai, don su riƙa ganin juna ta ramukan kwandon har kwana uku. Babbar ta zo ta zagaya sau biyu ta wuce. Ja ta kai sara ta rami. Ƙwalisa kuwa ta sauka daga ƙafata, ta je ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, sannan ta kwanta a jikin kwandon.

Na kira ta. Na yi mata ɗan tsakin da nake mata da harshe tun tana cikin kwali. Ta ɗago kai ta dube ni, ta mayar.

Da aka ɗaga kwandon, shi ke nan. Tare suke tono a bayan randa. In sauran sun gama ci, su biyun su zo su tsince ragowar, kai da kai a kwano ɗaya. Da hantsi su tafi gindin bango inda muke zubar da toka, su haƙa rami su yi ta birgima, wannan ta watsa wa wannan. Har na ga Fingi tana tsince mata dusar da ta manne a baki, Ƙwalisa ta lumshe ido ta miƙa wuya. Ni da nake goge mata bakin nan da gefen mayafina.

"Uwar kaza, an ƙwace miki 'ya," in ji Yaya. "Ko in samo miki agwagwa ki reno?"

Na duƙufa a kan ɗinkina. Na soke yatsana da allura sau uku a ranar.

Na gwada dabaru. Na ɓoye ɓawon kankana, wanda ta fi so, na riƙe a hannu ina kiranta. Ta zo da gudu, raina ya yi fari. Ta fizge, ta juya, ta kai gaban Fingi ta ajiye suka ci tare. Na ɗauke ta na sa a ɗaki na rufe ƙofa. Ta yi ta kuka tana tsalle a jikin taga, waccan mummunar kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana amsa mata, har Inna ta ce in buɗe kafin su fasa mata kai.

Haka muka yi wata biyu. Sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da sassafe tana haki. Kyanwa ta kashe mata kazar da ta fara kwanci jiya-jiya, ga ƙwai tara za su lalace. Tana neman aron kaza mai son kwanci.

A lokacin kaji biyu ne a gidanmu suke wannan halin, suna kumbura gashi suna maƙalewa a lungu: Ja da Fingi. Inna tana wanki, hannunta duk kumfa.

"Auta, kamo mata Ja," ta ce. "Ta saba, sau uku tana ƙyanƙyasa."

Na shiga akurki. Ja tana kusa da ƙofa, in miƙa hannu kawai. Na tsallake ta na kamo Fingi, na cusa ta a buhu na ɗaure bakin, na miƙa wa Gwaggo. Ba wanda ya buɗe. Sai da yamma Inna ta ga Ja tana nan, ta dube ni. Na ce ta ƙi kamuwa. Inna ta ci gaba da kallona har na sunkuyar da kai.

Washegari na shimfiɗa tabarma, na miƙe ƙafa, na jira.

Ƙwalisa ba ta zo ba. Ta je bayan randa, ta je ramin toka, ta shiga akurki ta fito, tana wani kira mai tsawo da ban taɓa jin ta yi ba. Rana ta biyu ta daina kiran. Ta tsaya a gefen ramin tokar, ba ta shiga ba, fiffike a sake. Babbar ta zo ta sare ta a ka, ba ta ko gudu ba, balle ta nufo zanena. Na ɗauko ta na ɗora a ƙafata. Ta zauna kamar an ajiye dutse, da na saki hannu ta sauka ta koma.

Rana ta huɗu na taɓa ƙirjinta na ji ƙashi. Na jiƙa dusa, na buɗe mata baki da yatsa, ta kaɗa kai ta zubar.

"Mutuwa za ta yi," in ji Yaya, kuma wannan karon ba dariya a fuskarta. "Ke kin san maganin, ai ba sai an gaya miki ba."

Ban taɓa zuwa gidan Gwaggo ni kaɗai ba. Sai an bi ta gaban shagon tela da wurin masu gyaran babur, inda mutane suke zaune suna kallon mai wucewa. Na ja mayafi na bi gefen bango. Ina tafiya ina maimaita abin da zan ce, da na isa duk ya gudu.

"Lafiya, Auta? Yau da rana tsaka? Wa ya mutu?"

"Fingi na zo ɗauka. In kawo miki Ja."

Gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ɗakin ajiya. Fingi tana cikin tsohuwar tukunya a kan ƙwai, ta baje kamar faifai. Da ta gan mu ta kumbura ta yi gurnani.

"Kin ga ta kama kwanci. In na ɗaga ta yanzu ƙwan nan sun tashi aiki, sau biyu ke nan ana canza musu uwa. Saura kwana sha shida, bayan nan ga reno. Me ya faru ne?"

Na gaya mata, idona a ƙasa. Ban rage komai ba, har tsallake Ja da na yi.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Oh ni! Na ga mai kishi da mutum, yau ga mai kishi da kaza. Kazar ma wadda ko mataji ba ya shiga kanta!" Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta tsagaita. "To taki ba za ta kai kwana sha shida ba ci ba. Kawo ta nan."

"Yaushe za ta dawo?"

"In kin raba su kuma, sai mu sake wannan zaman. Ke dai kawo ta."

Ban sa ta a buhu ba. A cikin mayafina na rungumo ta, na sake bi ta gaban masu gyaran babur, wani ya ce ko ta sayarwa ce, na ƙara sauri. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Na ajiye ta a ƙofar ɗakin ajiyar. Ta tsaya tana layi. Fingi ta yi wani ɗan sauti can ƙasan maƙogwaro. Ƙwalisa ta miƙe wuya, ta taka a hankali har jikin tukunyar, ta kwanta. Gwaggo ta watsa tsaba a gabansu. Fingi ta zuro kai ta tsinci ɗaya. Ƙwalisa ta kalle ta, ta tsinta ita ma, ta ƙara, ta ƙara.

Na tsaya ina kallo. Na ji daɗi, kuma na ji kamar in ɗaga tukunyar nan in kai ta bayan gari.

"Ƙofata a buɗe take," in ji Gwaggo. "Ki riƙa zuwa kina ganinta. Amma fa sai kin fara gaishe ni da baki, ba da kai ba, kafin ki wuce wurin 'yarki."

"To, Gwaggo."

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Na ce to. Gobe da hantsi zan zo."