Fuskar Mahaifin Mai Hoto

Mai Hoto bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Yana goye mutumin ya rasu, bai bar masa komai ba sai hoto guda, shi ma ruwa ya ci rabonsa. Wata shekara rufin ɗaki ya yi yoyo a kan akwatin Inna, mahaifiyarsa, da aka buɗe sai ga riga da kafaɗu suna nan lafiya lau, amma fuskar ta koma wani farin tabo. Abin haushi, Mai Hoto, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana cire wa amare ƙuraje, yana mayar wa tsofaffi haƙora, yana ɗauke wanda aka yi faɗa da shi daga hoton dangi, shi ne ya bar na gidansu a lalace. Kullum sai gobe.

Abin da ya tashe shi tsaye shi ne Inna ta fara mantuwa. Ta nemi mayafinta yana kanta, ta tambayi maƙwabciyar da ta daɗe da rasuwa. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai a lallaɓa. Daga nan ya fara ɗauko ta da safe zuwa shagonsa, wani siririn ɗaki tsakanin tela da mai gyaran waya, inda farin ƙyalle ke rataye a bango, fanka na ƙara kamar za ta faɗo. Ya zaunar da ita a kujerar roba kusa da kwamfuta, yana zanawa tana gyara masa.

"Wannan idon na kyanwa ne," in ji ta. "Ubanka ba haka yake kallon mutane ba. Sauko da girar."

Ya sauko da ita.

"Ka cika zaƙewa. Na ce ka sauko da ita, ban ce ka binne masa ido ba."

Wata rana ta tuna abubuwa da yawa, wata rana ta yi ta gyangyaɗi har azahar. A haka fuskar ta riƙa fitowa daga cikin tabon: goshi mai faɗi, hanci da ya ɗan karkata hagu, kunnuwa a buɗe, da ɗan tabo a gira na faɗuwar keke. Mai Hoto, da furfurarsa da komai, yakan rufe shago ya zauna yana kallon mutumin nan. Baki kaɗai ya rage.

To, kwamfutar ta tsufa, kuma ba ta ɓoye tsufanta. Kamfanin da ya yi tsarin da ke tafiyar da ita ya daina kula da irinta. Manhajar gyaran hoton ma kullum sai ta turo saƙo tana neman a sabunta ta, in an je sabuntawa ta ce na'urar ba ta kai ba. Ana tsakiyar aiki sai allo ya daskare, mai jiran hoton fasfo yana tsaye yana duba agogo.

Auta, 'yarsa, ita ke kula da kwamfutocin ofishin da take aiki, kuma ta gaji da jin ƙorafinsa.

"Baba, ka bar ni in sa maka Linux. Ba na kamfani ba ne, mutane ne suka haɗu suka gina shi, kowa na iya buɗe cikinsa ya gani. Ba wanda zai ce na'urarka ta tsufa. Manhajar gyaran hoto ma akwai, kyauta."

"Abin kyauta kuma ya yi aiki?"

"Ni ma ai kyauta nake maka aiki."

Ya yi dariya ya amince.

Mai Hoto yana da wata ɗabi'a tun farkon sana'arsa. Duk aikin da ya gama, yana tura shi cikin babbar folda guda da ya sa wa suna Hotuna. Wanda bai gama ba kuwa, a fuskar allo yake barinsa, inda zai gan shi da zarar ya kunna, kamar yadda tela maƙwabcinsa ke rataye ɗinkin da bai ƙarasa ba a ƙusa. Ya saba da ganin ɗan hoton nan na mahaifinsa a kusurwar allo har ya daina ɗaukarsa a matsayin abin da aka ajiye. Yana nan dai, kamar agogon bango.

Ranar da Auta ta zo da filas ɗinta na kwamfuta, shagon a cike yake. Wata mata ta kawo 'yan biyu a ɗauke su, ɗaya na kuka ɗaya na neman cin ƙyallen bango.

"Baba, komai naka yana cikin foldar nan? Zan kwafe ta, sannan in share sauran."

"Komai," ya ce, idonsa na cikin kyamara.

"Ka tabbata?"

"Ke, shekara nawa ina wannan aikin?"

Kafin la'asar sabon tsarin ya hau. Gaskiya abin ya yi kyau. Kwamfutar da ke nishi kafin ta tashi, sai ga ta ta buɗe cikin ƙiftawar ido. Auta ta mayar da foldar, ta nuna masa hotunan bukukuwan mutane na shekara da shekaru, ba wanda ya ɓata. Ya sa tabarau ya dubi allon. Fes yake, ba komai a kai. Ya dubi kusurwar hagu, ya sake duba.

"Ina kakanki?"

Ta juyo. Kallon da ya ga a fuskarta ya ishe shi amsa.

Ta yi duk abin da ta sani. Mai gyaran waya ma ya shigo da nasa wayoyin da nasa surutun, suka kwance na'urar, suka tono abin da za a iya tonowa. Sabon tsarin ya riga ya zauna a kan gurbin tsohon. Abin da ya fito tarkace ne, rabin fuskar wani ango, ƙafar wani jariri. Na mahaifinsa kuwa, sai kwafin farko da ke cikin folda, riga da kafaɗu da farin tabo.

"Ko a waya ba ka ɗauka ba, Baba?" in ji Auta.

"Ba na ɗaukar aikin da ban gama ba."

Ta fashe da kuka. Ya ce mata ba laifinta ba ne, kuma da gaske yake. Ai ta tambaya har sau biyu kafin ta share, shi ya amsa. Wannan ne ya fi ci masa rai, babu wanda zai yi fushi da shi sai kansa.

Ya ce zai sake, tunda fuskar na cikin kansa. Amma hannunsa ya zama baƙo. Yatsun da suka san hanya ba tare da ya duba ba, yanzu in ya danna maɓallin buroshi sai wani abu dabam ya fito. Abin da ke dama ya koma hagu, abin da ya sani da wani suna ya canza suna. Manhajar ba ta gaza ba, Auta ta nuna masa tana iya duk abin da tsohuwar ke yi, har da ƙari. Shi ne dai ya koma ɗan koyo da furfura. Ya roƙe ta ta mayar masa da tsohuwar manhajar, ta gwada, ta ƙi buɗewa, domin masu ita sun rufe wannan ƙofar tuntuni.

Haka ya yi ta fama, yana koyo da hotunan fasfo, yana ba mutane haƙuri. Ya ji kunyar ɗauko Inna ta zo ta same shi yana laluben maɓalli, sai ya ce bari hannu ya faɗa tukuna. Makonni suka shuɗe. A cikinsu Inna ta daina gane hanyar banɗaki, ta fara kiran Auta da sunan ƙanwarta.

Da hannun ya ɗan faɗa, ya zauna ya zana. Goshi mai faɗi. Hanci ya karkata, amma hagun wa, nasa ko na hoton? Tabon girar a sama yake ko a gefe? Abin da ya yi wata da watanni yana kallo, da ya rufe ido sai ya narke. Duk inda ya rasa, hannunsa ya cike da abin da ya ga ya dace. Da ya gama, fuska ce kyakkyawa, har da baki. Ya dube ta, bai ji komai ba.

Ya ɗauko Inna da safe. Ta rame, tana tafiya tana riƙe da hannun rigarsa. Ya zaunar da ita a kujerar roba, ya juyo mata da allon. Auta na tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi zuwa aiki.

Inna ta daɗe tana kallo. Can ta yi murmushi.

"Ka yi kyau a nan. Wa ya rage maka shekaru?"

Ya dubi allon. Sai a lokacin ya gani. Goshinsa ne, idonsa ne, bakin da yake gani kullum in yana aske gemu.

"Inna, ba ni ba ne. Baba ne nake son fitarwa. Ki duba hancin, haka yake? Kin ce ya karkata."

"Na ce?"

"Kin ce. Da tabo a gira, na keke."

Ta sake duban allon, ta dube shi, kamar mai son ta taimaka amma ba ta san da me ba. Ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannayenta.

"Inna, mijinki. Yaya fuskarsa take?"

Leɓɓanta suka yi ta motsi. Ya jira. Auta ta juya baya ta fuskanci titi.

"Mutumin kirki ne," in ji Inna. Ta gyara mayafinta. "Ka kai ni gida, na gaji."