Ruwan Ɗumi na Kang Entis

Oman ya murɗa famfo karo na huɗu, ya kafa kunne a jikin hitar gas ɗin da ke manne da bangon banɗaki. Shiru. Ruwa ne kawai ke zuba, mai sanyin da ke ratsa haƙori.

A tsakar gida an riga an kewaye wajen wanka da zannuwa, an jawo tiyo tun daga banɗakin. Gawar maƙwabcinsa Kang Entis, wato Yaya Entis a yaren garin, tana falo a lulluɓe, liman Ustaz Didin kuwa ya duba agogo ya fi sau goma.

"Ceu Popon, a ɗora tukunya mana," in ji liman cikin lallashi. "Kafin azahar muke so a kai shi."

"Ba za a ɗora ba!" Matar mamacin ta tare ƙofa, ido ya kumbura amma murya na nan daram. "Shekara talatin yana gyara wa mutanen garin nan na Lembang hita, sai shi za a dafa wa ruwa a tukunya kamar kazar da za a fige? Kwana takwas ke nan abin nan ya ƙi kamawa. Ina dafa masa yana mita, kullum wai gobe zai gyara. Na yi masa alkawari wankansa na ƙarshe da ruwan hita ne."

Matsalar dai guda ce: mai gyaran hita ɗaya ne a unguwar, shi ne kuma kwance a falo. Shi ya sa ido ya dawo kan Oman, tsohon ma'aikacin gidan waya da ko ƙwan lantarki bai taɓa canzawa ba. Laifinsa kawai shi ne ya shekara talatin yana riƙe wa Kang Entis tocila suna musu.

Shekaranjiya ma da ya je duba shi, sai da mara lafiyan ya cafke hannunsa. "Oman, ka saurara, ko Allah zai sa kan nan naka ya riƙe abu ɗaya. Kunne ake fara sawa, ba hannu ba. In ba ka ji ƙyas-ƙyas ba, batir ne. In ka ji amma babu wuta, ko gas ne ko allurar tartsatsi ta yi datti."

"Ka warke ka yi abinka, Kang. Ni me ya haɗa ni da wuta?"

"Tsoron ashana dai zai kashe ka," Kang Entis ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yanzu ga shi babu ƙyas-ƙyas. Oman ya lallaɓa ƙasan hitar, ya ɓalle ɗan akwatin batir. Wayam, babu komai a ciki.

Sai ya tuna. Kwana takwas da suka wuce hitar gidansa ce ta mutu, ana tsuga ruwan sama, ya leƙa ta katanga ya kira Kang Entis duk da ya san ba shi da lafiya. Mutumin ya zo yana jan ƙafa, ya saurara, ya ce, "Ina zuwa." Ya koma gidansa ya dawo da wani abu a aljihu, ya kori Oman daga wajen hitar wai sirrin sana'a ne. Ladansa kofi da soyayyiyar ayaba biyu. Kunya ta rufe Oman tun daga kai har ƙafa, sai kuma wani baƙin ciki ya biyo bayanta.

"Ina zuwa," ya ce.

"Ina kuma za ka?" in ji liman.

Oman ya yi waje. Ya ratsa masu gaisuwa da gudu, zanin maza da ya ɗaura a tattare, takalmi ƙafa ɗaya. A gida ya tarar da matarsa Titin ta shiga wanka don ta je wajen makoki. Tasu hitar a waje take, bayan banɗaki. Ya ɓalle akwatin, manyan batir biyu suka faɗo a tafinsa, kowanne da ɗigon jan farce, alamar da Kang Entis ke sa wa kayansa don kada a ara a manta.

Ihun Titin har gidan makoki aka ji shi. "Wayyo! Kang Oman! Da sabulu a kaina!"

"Yi haƙuri, mai su ne ke nema!"

Ya dawo yana haki, ya zura su. Ceu Popon ta ga jan farcen, ta dube shi, ta dubi falo. "Au! Wato can ya kai su? Kwana takwas ina ɗaukar tukunya, ashe Titin ce ke shan daɗi!" Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta toshe baki da gefen mayafi.

Oman ya murɗa famfo. Ƙyas-ƙyas-ƙyas. Babu wuta.

"To, a ɗora tukunyar ke nan," liman ya ce a hankali.

"Ustaz, ba ni minti ɗaya." Ya girgiza tukunyar gas, ya ji ta da nauyi. Ya rufe ta, ya cire murfin hitar, ya ga allurar ta yi baƙi ƙirin. A akwatin kayan aikin mamacin ya sami guntun samfefa da ya lanƙwashe daidai da yatsan mai shi. Ya goge allurar, ya hure ta kamar yadda ya sha gani, ya mayar da murfi, ya buɗe gas, ya yi bismilla.

Ƙyas-ƙyas, bup! Shuɗiyar wuta ta jeru ta bayan ɗan gilashin.

Aka ɗauko Kang Entis zuwa bayan zannuwa. Liman ya miƙa wa Oman tiyo. Oman ya tara bayan hannunsa, ya jira sanyin da ke cikin tiyon ya gama fita, sannan ya sunkuya.

"Ya yi ɗumi, Kang," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ya fara zubawa ta kafaɗar dama, tururi na tashi a hankali ta saman zannuwan.