Muryar Baba Tela

"Sake faɗa, Nas! Tare za mu faɗa, ki bi bakina!"

Baba Tela ne ke ba da umarni daga kan gado, kamar ba shi likita ya sallamo ya ce a koma gida a yi ta addu'a ba. Maƙwabciyarsa Nas ta durƙusa a bayan 'yarta, ita da shi suka haɗa baki: "'Yar Firit, ɗauko jan zare."

Yarinyar ta ruga ta ɗauko.

Da nauyin kunne aka haifi 'Yar Firit. Shekara huɗu uwar na asibiti wajen aiki, ita kuwa tana gindin keken Baba Tela, yana ɗinki yana zuba mata surutu. Muryar nan tasa mai kaushi kamar zarto ita kaɗai take ganewa, ko da keke na ƙara. In uwar da ta haife ta ta yi magana, sai ta zuba mata ido kamar baƙuwa. Abin ya daɗe yana ci wa Nas rai, yanzu ga tsoro ya ƙaru. In tsohon nan ya tafi, wa zai yi wa 'yarta magana ta gane?

Shi ya kawo dabarar: su riƙa faɗa tare, kullum yana rage murya, ita tana ƙarawa.

"Ke ma da laifinki," in ji shi. "Magana kike kamar ana korarki. Ja ta a hankali mana, ai ba allura ba ce!"

Ran kwana na tara da hantsi ya yafito ta. "Yau ke kaɗai. Ni na yi ritaya."

Nas ta miƙe. Ta koma bayan yarinyar, ta ja numfashi. "'Yar Firit, kawo wa Baba ruwa."

Can sai ɗan kan yarinyar ya juyo.

"Ruwa, Mama?"

"Ta ji ni! Baba, wallahi ni ta ji!" Nas ta yi tsalle har ta ture kwandon ƙyallaye, tana dariya tana kuka, ta leƙa taga tana kiran maƙwabta su zo su gani.

Da ta waiwayo, sai ta kalli gadon. Baba Tela ya rufe ido, bakinsa da ɗan murmushi, bargon ƙirjinsa ya daina motsi. 'Yar Firit na tsaye a bakin gadon, ta riƙe kofi da hannu biyu don kada ya zube, tana jira ya karɓa.