Leɓen Ladan Wahabu

Duk Zangon Kumasi babu mai muryar Ladan Wahabu. In ya hau hasumiya ya ɗaga murya, har matan Asante masu sayar da ayaba sai sun waiga. To, shekarar da ake ta shirin samun 'yancin kai, farin tabo ya fito masa a yatsu, ya haura ya cinye leɓensa, ya bar shi jajir.

Kun san mutanenmu, bakinsu ba ya azumi. A nan in an ga leɓen mutum ya yi ja, an gama shari'a: mashayin akpeteshi ne, giyar nan mai ƙona baki. Ana cikin haka kuma jiri ya fara ɗibarsa. Ranar wata Juma'a ya sauko daga hasumiya yana tangaɗi, ya dafa bango. Aka yi masa sannu, ko waigowa bai yi ba.

"Ka gani ko? Ya yi tatul!" in ji Amidu mahauci, wanda ko alwala bai iya ba. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Dattawa suka ce a karɓe ladancin.

Liman Brimah dai bai yi gaggawa ba. Ya ja Wahabu har wurin wani tsohon likita. Likitan ya duba fatar, ya buga ɗan ƙarfe kusa da kunnensa, ya ce ba giya ba ce. Albaras ne, kuma ya sha ganin ciwon da ke cinye launin fata ya taɓa can cikin kunne, ya kawo jiri, ya rage ji.

Bayan la'asar Liman ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Mun ɗauki alhakin bawan Allahn nan. Malam Wahabu, ka yafe mana." Masallaci ya ɗauka da neman gafara, har da Amidu.

Wahabu yana sahun gaba. Ya ga bakuna suna motsi, ya ga duk idanu a kansa, bai ji komai ba sai shuuu. Ya tashi a hankali, ya ciro makullin hasumiya daga aljihu, ya miƙa wa Liman, a zatonsa korarsa ake yi.

"Na gane," ya ce. "Amma ku bar ni in yi kiran magariba, in yi sallama da ladancin."