Kayan da Zai Bi Shi Gida

Kalmar Larabci ta farko da Yacouba ya koya a Riyadh ita ce "shil", wato ɗauki. Ba a makaranta ya koye ta ba, a bakin mudir, wato shugaban sito, ya ji ta a unguwar Al-Sulay, tun ranar da ya sauka daga Maradi. Shil kwali, shil buhu, shil taya. Daga Asabar zuwa Alhamis wuyansa da kafaɗunsa na wasu ne, kuma ya tsani kalmar nan har cikin ransa.

Shakir, wani ɗalibi Bakatsine da suka saba a masallaci, shi ya ja shi cikin harkar keke. Akwai wata 'yar ƙungiya da ke tsere da sanyin safiyar Juma'a a wani kwari a kudancin gari. Kyaftin ɗinsu, wani Balarabe mai suna Amir, yana ba sababbin shiga aron keke, da sharaɗi ɗaya: wanda ya gama tseren farko ba tare da na gaba ya zagayo ya cim masa ba, keken ya zauna a hannunsa har sanyi ya wuce. Wanda aka cim wa kuwa, ya ajiye ya koma gida a bas.

Yacouba ya so keken nan, so na gaske. Mako biyu yana hawansa zuwa aiki, yana jin cewa a ƙarshe ga wani abu a ƙasar nan da ke ɗaukarsa shi ma.

"Saiklokuros sunan wasan," in ji Shakir. "Ana zagaye ne, akwai yashi, akwai katako a gicciye. In ka zo wurin sai ka sauka ka saɓa keken."

Yacouba ya yi dariya, don ya ɗauka tsokana ce irin ta Katsinawa. "Ustaz, a garinmu in ka ga mutum ɗauke da keke, to keken ya mutu."

Ranar tseren, aka busa usur, aka tashi. A kan ƙasa mai tauri Yacouba bai da matsala, ƙafafun dako ba sa gajiya da wuri. Da suka iso yashi sai ya ga wani dattijo Bature ya diro, ya rataya kekensa a kafaɗa. Tausayi ya kama Yacouba. Ya ja birki, ya ce masa sannu, yana leƙa sarƙar ko ita ta zube. Baturen ya dube shi kamar ya ga mahaukaci, ya zura da gudu. Sai ga na baya su ma kowa da kekensa a kafaɗa, lafiyayyen keke, ba abin da ya same shi.

'Yan kallon da ke bakin igiya suka hango shi tsaye, suka fara yi masa ihu, da kyakkyawar niyya. "Shil. Yalla, shil."

Ransa ya ɓaci. Ranar Juma'a ma? Ya hau kekensa ya kutsa cikin yashin da ƙarfin tsiya. Tayar gaba ta nutse, ya kife. Ya tashi, ya sake hawa, ya sake kifewa. A wurin katako ma jan keken ya yi a ƙasa yana tsallakar da shi taya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lallashin akuya.

Shakir ya biyo gefen igiya yana haki. "Yaya Yacouba, ka ɗauke shi mana."

"Ni ban zo wurin ga in yi dako ba."

"To duba bayanka."

Ya waiwaya. Can ƙasan tudu ga na gaba, mai jar riga, ya kusa kammala zagayensa, yana tahowa ba ƙaƙƙautawa. Gabansa kuma ga yashin nan ya sake dawowa. Yacouba ya tuna bas ɗin ma'aikata da warin zufa, ya tuna Juma'ar da ake kwance a ɗaki ana latsa waya har la'asar.

Ya diro. Bai iya saɓawar da suke yi a kafaɗa ba, ba wanda ya koya masa. Sai ya yi yadda ya sani: ya sunkuci keken ya ɗora a ka, bisa hular kwano, hannu ɗaya a ƙarfe, ya ruga. Wurin ya ɗauki dariya da tafi, wayoyi suka tashi sama. Bai kula ba. Keken bai kai rabin buhun shinkafa ba, kuma wuyan nan ya san aikinsa.

Haka ya yi ta yi a kowane zagaye. Mai jar riga ya gama tserensa yana hango bayan Yacouba, bai taɓa shi ba. Yacouba ne na ƙarshe da ya shigo, yashi har cikin haƙora. Amir ya dafa sirdin keken, ya tura masa shi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, naka ne har bazara."

Shakir ya miƙo masa ruwa yana ƙunshe dariya. "Ka ga, ashe dakon dai ka zo yi."

Yacouba ya kurkure baki, ya share ƙurar da ke kan sirdi da gefen rigarsa.

"Dako ne," ya ce. "Amma tun da na zo ƙasar ga, yau ne na ɗauki kayan da zai bi ni gida."