Batir Guda Kafin Ƙarfe Sha Biyu

Sun zo da ƙarfe tara da rabi na safe, lokacin da injin niƙa dutse yake tsakiyar rurinsa, don haka harbin farko babu wanda ya ji shi sai mai gadin da aka harba. Shi kuwa bai samu damar ba da labari ba.

Su goma sha ɗaya ne a kan babura, kuma nakiya suka zo ɗiba. Ma'aikatar fasa dutsen tana bayan tsaunuka, tafiyar awa uku daga gari, inda wayar salula ba ta da amfani sai duba lokaci. Ba su sha wahalar neman ɗakin nakiyar ba, domin kamfani ya rubuta sunansa a jikin ƙofa da jan fenti, saboda kiyaye haɗari.

Dogo, mai gyaran lantarki, yana ɗakin rediyo suka finciko shi. Ɗaya ya zuba masa gindin bindiga a haƙarƙari sau biyu, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Aka kwantar da ma'aikata rub da ciki a kan tsakuwa. Shugaban maharan gajere ne mai tabarau, mai magana a hankali kamar malamin firamare. Ya ce yana son makullai. Manaja ya miƙa nasa tun kafin a ƙarasa maganar.

Direban babbar mota ne ya ƙi. Mijin yayar Dogo ne, mutum mai taurin kai wanda ko gishiri aka ce ya miƙo sai ya tambayi dalili.

"Motar kamfani ce," in ji shi. "Ba ni da ikon ba ka."

Mai tabarau ya gyaɗa kai kamar ya fahimci uzurin, ya harbe shi a cinya, ya sa hannu a aljihunsa ya ciri makullin.

Sun san aikinsu. Suka ɓarke janareto da harsashi, suka farfasa allunan sola da guduma, suka ɗaure dogon ƙarfen eriya a bayan mota suka ja shi ya faɗi. Suka kwashe baturan ɗakin rediyo da duk abin hawan da yake da taya. Wani lebura ya ɗaga kai ya kalla, aka taka masa fuska cikin tsakuwa har haƙoransa biyu suka zauna a wurin. Kafin goma da kwata sun tafi, ma'aikatan da ke da ƙafa kuma suka bazama daji.

Yayar Dogo ita ce nas ɗin ma'aikatar. Ɗakinta gado ɗaya ne da kabad mai cike da maganin ciwon kai. Ta ɗaure cinyar mijinta da bel ɗinsa, ta zura sifana ta murɗa har ya yi wata ƙara da Dogo bai taɓa jin namiji ya yi ba. Jinin da ke tsartuwa ya koma tsiyaya.

"Yaya, ya kike gani?"

"Idan mota ta taso daga gari da tsakar rana, da likita da jini, zan iya riƙe shi. Idan sai gobe ne, ku nemo shebur."

Direba ya buɗe ido. "Dogo, ka ga yayarka. Shekara goma sha huɗu tana neman hanyar ɗaure ni."

"Rufe bakinka, kana ɓarnar numfashi," in ji ta. Ta dubi ƙanenta. "Me kake tsaye kana kallo? Kai ne likitan?"

A bayan garejin akwai tsohuwar tankar ruwa da ta shekara biyu a kan duwatsu ba taya. Maharan sun raina ta. Dogo ya kwance batirinta, ya turo shi a baro zuwa ɗakin rediyo, kowane taku kamar ana soka masa wuƙa a gefe. Ya ɗora mitar awon wuta a kai: sha ɗaya da ɗigo tara. Batir ne mai rai, amma irin ran tsohon da ake yi wa magana a kunne.

Ya tarar da Manaja ya dawo daga kan tulin tsakuwa, inda ya hau da oba-oba, ƙaramar rediyon hannu, yana kiran gari. Irin waɗannan ba sa tsallake tsauni. Amsar da ya samu ita ce muryarsa, tana fitowa daga ɗaya oba-obar da ke kan teburin ofishinsa.

Saura rediyo biyu. Babbar mai wat ɗari, wadda Manaja da kansa ya zaɓa bara daga cikin mujallar 'yan kasuwa saboda ta cika tebur kuma tana da fitilu kala uku. Sai ƙarama mai wat biyar, ba ta fi littafi girma ba, wadda masu awon ƙasa suka manta a kabad tun kafin a buɗe ma'aikatar.

"Haɗa babbar," in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, ƙaramar za mu haɗa."

"Biyar ta fi ɗari? A wace makarantar aka koya maka?"

"Ba ta fi ba. Amma babbar in ka danna ta, cin wutarta ya ninka na ƙaramar fiye da sau goma. Wannan batirin zai ba ta minti kaɗan ya mutu. Ƙaramar za ta yi awa tana magana."

"Minti kaɗan ya isa a ce a zo."

"Ya isa in akwai mai ji. Babu kowa a kan rediyon gari sai sha biyu."

"In ji wa?"

Dogo ya nuna bango. Takardar tana nan manne, da hatimi da sa hannu. Watanni bakwai da suka wuce Manaja ya gaji da yadda ofishin gari ke kiransa kowane lokaci da tambayoyi, ya kafa doka cewa sakatariya za ta kunna rediyonta daga sha biyu zuwa sha biyu da kwata kawai. Dokar ta yi aiki sosai. Tun daga ranar ba a sake damunsa ba.

Manaja ya karanta sa hannunsa kamar na wani baƙo. "Wani zai ji."

"Wani zai ji a wata ƙasa, ya yi mana addu'a. Kuma ba ƙarfi ne ke kai magana ba, eriya ce. Ka ba ni awa ɗaya. Don Allah kada ka taɓa komai."

Ya yanko wayar jan ƙarfe daga ɗakin janareto, ya auna mita goma sau biyu da ma'aunin birkila, ya haɗa su a tsakiya da igiyar eriyar da ta tsira. Bai nemi wuri mai tsayi ba. Tsakaninsa da gari tsaunuka ne, don haka so yake maganar ta tashi sama sak ta faɗo a bayansu, kuma waya mai tsayin mutum uku daga ƙasa ita ke yin haka. Ya ɗaure baki ɗaya a matakalar injin niƙa, ɗaya a reshen bishiyar da ke bayan ofis. A kan matakalar ya yi tari, ya tofar, ya ga ja. Ya share bakinsa ya ci gaba. Ya jefa igiyar ta taga, ya koma ya ƙara ɗaure gefen bishiyar da ya saki.

Yana saukowa ya ji ihu daga ɗakin rediyo.

Manaja ya haɗa babbar da batirin da sabuwar eriyar. Yana tsaye, ya damƙe makirufo da hannu biyu, yana faɗin sunan kamfani da cikakken muƙaminsa da ƙarfin da har tagar ke rawa. Da kowace kalma fitilu ukun nan suna lumshewa. Sha ɗaya da minti ashirin. A gari rediyon sakatariya yana kashe a ƙarƙashin mayafinsa na roba.

Manaja ba mugu ba ne. Mutum ne da ya miƙa makulli a gaban ma'aikatansa, yana neman wani abu mai ƙara da zai yi.

"Ranka ya daɗe, saki."

Bai saki ba. Dogo ya kai hannu zai cire kan batir, Manaja ya kai masa gwiwar hannu daidai inda gindin bindiga ya sauka. Duniya ta yi fari. Dogo ya durƙusa, ya ji ana ci gaba da ihu a samansa, ya ga allurar mita tana gangarawa. Hannunsa ya faɗa kan sifanar da ya kwance batirin da ita.

Ya miƙe ya sauke ta a kan yatsun da ke riƙe da makirufo. Manaja ya saki makirufon, ya cakumo wuyan Dogo da lafiyayyen hannunsa, suka faɗi tare da kujera. Ya fi Dogo nauyi da kusan buhu guda, ya danne shi, yana buga masa kai da siminti. Dogo ya laluba ya kama yatsun da suka karye ya matse. Nan faɗan ya ƙare. Manaja ya mirgina gefe ya dunƙule, hannunsa a ƙirji, yatsu biyu suna kallon inda yatsu ba sa kallo.

Dogo ya ja jiki ya cire wayoyin. Mita ta nuna sha ɗaya da ɗigo biyu.

"Na kore ka," in ji Manaja daga ƙasa.

"To, ranka ya daɗe. Bayan sha biyu da kwata."

Suka zauna a ɗakin, babu mai kallon wani. Batir in an bar shi ya huta yakan ɗan farfaɗo, kuma Dogo bai da abin yi sai kallon allurar tana hawa kamar katantanwa. Sau ɗaya Yaya ta leƙo, hannuwanta ja har gwiwa. Ta dubi Manaja, ta dubi sifana, ba ta tambaya ba.

"Mijina ya daina zolayata," in ji ta. "Ka gaya musu jininsa O ne." Ta koma.

Sha biyu daidai ya kunna ƙaramar. Shuuu kawai. Ya kira sau uku, ya saki, ya saurara. Sha biyu da minti biyu, haka. Sha biyu da huɗu aka ji ƙwas, sai muryar mace tana tauna wani abu.

"Gari ke magana. Wa ke nan? Ina jin abu kamar sauro."

"Dogo ne. An kawo hari. An kawo hari."

"Ba na jinka sosai. Mota nawa kuka loda yau?"

Ya matso da bakinsa, ya rage murya, ya rarraba kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Harbi. Harbi. Mai gadi ya mutu. Direba yana zubar da jini. Motar asibiti. Likita. Jini, O."

Taunar ta tsaya. Ta maimaita masa duka, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Dogo, asibiti ba za su tayar da mota zuwa can ba sai da izinin Manaja. Da bakinsa. Haka yarjejeniyar take, ka sani. Yana raye?"

Dogo ya juya. Manaja yana jingine da bango, gumi ya jiƙa rigarsa, yana kallonsa. Ƙaramar fitilar rediyon ta fara ƙifta ido.

Wayar makirufon ba ta kai bango ba. Dogo ya sa hannu a hammatar mutumin ya jawo shi a ƙasa, dukansu biyu suna nishi. Ya durƙusa ya kai masa makirufon baki, ya riƙe maɓallin da kansa tunda mai shi ba shi da yatsun dannawa.

"A hankali, ranka ya daɗe. Ba ta son ihu."

Manaja ya dubi hannunsa. Ya dubi Dogo. Batirin yana tafiya, kuma dukansu sun san haka.

"Manaja ne," in ji shi, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba. "Na ba da izini. Na ba da izini. Su taho yanzu."

"Na ji, Yallaɓai."

"Kuma ki rubuta cewa mai gyaran lantarki..."

Dogo ya saki maɓallin.

Motar asibitin ta iso huɗu saura kwata, da 'yan sanda shida a bayanta waɗanda suka sauka da bindigogi suka kewaye ɗakin nakiyar da babu komai a ciki. Direba yana numfashi. Fuskarsa ta koma kalar toka, leɓɓansa sun bushe, amma da likita ya ɗaura masa jini ya buɗe ido ɗaya ya tambayi ko an ga motarsa a hanya. Likita ya duba ƙafar daga bel zuwa ƙasa, ya dubi Yaya. Ta gyaɗa kai. Ta riga shi sani tun da rana.

Aka sa Manaja a gaba kusa da mai tuƙi. Dogo ya tsaya a bakin ƙofar baya zai rufe musu. Yayarsa ta miƙo hannu ta danna gefensa, ya kusa faɗuwa.

"Haƙarƙari biyu ne suka karye, ko uku. Shiga."

"Babu wuri, Yaya."

"Zauna a ƙasa ka riƙe masa ledar jinin. Sama za ka ɗaga ta, ba a cinyarka ba."

Ya ɗaga ta har awa uku, yana canza hannu a kowane rami. A ƙofar asibiti Direba ya samu ƙarfin cewa mai tuƙin nan bai iya canza giya ba. Da dare aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ya farka washegari yana neman ruwa da wanda zai yi wa gardama.