Shaf Ɗin Tarakta a Cikin Toka

Kwana biyu da yin ruwan shuka shaf ɗin taraktar ƙauyen, wato sandar ƙarfen da ke juya tayoyinta, ya karye, gonaki goma sha ɗaya suna jiran huɗa. Abdulhadi direba ya ɗauko shi a babur ya kawo maƙerar Malam Muhammadu Sani, inda ɗansa Kamilu yake aikin walda.

Kamilu ya san irin ƙarfen tun daga makarantar koyon sana'a ta Ɗambatta. Kuromoli ake ce masa, domin an gauraya shi da kuromiyam da molibdinam. Yana da ƙwari, yana jure zafi, shi ya sa ake yin shaf da bututun mai da shi. Amma ba ya son a firgita shi. Sai an ɗumama shi kafin walda, a bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba gefen ɗinkin ya bushe, ya tsage ana tsakiyar aiki.

Ya ɗumama, ya ɗinke, ya shiga gida ɗebo tokar da zai binne shi a ciki ya huce. Yana dawowa ya ji ƙaurin tururi. An kwara wa shaf ɗin ruwa. Mahaifinsa na tsaye da bokiti, yana cewa shekara arba'in yana tsoma fartanya a ruwa, ba wadda ta taɓa kawo ƙara. Abdulhadi kuwa har ya fara kwance igiyar babur zai ɗaure shaf ɗin.

Kamilu bai taɓa yi wa mahaifinsa gyara gaban mutane ba. Ya dubi sama, rana tana shanye danshin ƙasa. In ya yi shiru shaf ɗin ya sake karyewa, kafin a samo wani daga Kano lokacin shuka ya wuce. Ya ɗauko magagari, ya miƙa wa mahaifinsa.

"Baba, don Allah goga nan, gefen ɗinkin."

Tsohon ya goga, magagarin ya zame bai ci komai ba, wurin ya bushe. Ya goga can nesa, ya ci. Ya sake gwadawa har sau biyu.

Abdulhadi ya yi ƙorafin manoma za su cinye shi ɗanye in ya koma ba shaf.

"Ka ce su zo su same ni," in ji Malam. "Kamilu, kankare ɗinkin a sake."

Tsohon ya zauna ya kama zuga da kansa. Da la'asar suka binne shaf ɗin cikin toka, Kamilu ya ce sai gobe da hantsi. Ya damƙi ƙasar bakin maƙera ya matse don ya ji sauran danshinta. Ta dunƙule, amma da ƙyar.